Hannunki da Toka

A wani ƙauye an yi wata yarinya da yayarta. Yayar ta bar makaranta don jinyar mahaifiyarsu.

Wata rana ƙungiyar taimakon jama'a ta raba wa ɗalibai ƙamus. Yarinyar ta dawo gida rungume da nata.

Yayar ta ce, "Ƙanwata, ba ni in gani."

"A'a, Yaya, hannunki da toka."

Washegari ma ta roƙa, amsar ɗaya ce: "Hannunki da toka."

Rana ta uku yarinyar ta tarar da yayarta a bakin murhu, tana rubutu cikin toka da yatsa, ta kakare a tsakiyar kalma. Ta daɗe tsaye tana kallonta. Sannan ta ɗora mata ƙamus a cinya.

Sai da yayar ta goge hannu a zani har sau uku kafin ta buɗe.