Farantin Da Na Kasa Taɓawa

"Ko loma ɗaya, Munawwara?"

Ƙasa-ƙasa ya yi maganar, amma kowa a teburin ya ji.

Na sunkuyar da kai ina kallon farantin da ya ajiye mini da hannunsa. Soyayyar shinkafa ce da ƙwai a samanta, ga tsinken nama uku an malale su da miyar gyaɗa.

"Na ƙoshi..." na ce.

Ƙarya nake, wallahi! Ban da tsinke biyu da na ci kafin ya iso, rabona da abinci tun kokon safe a ƙauyenmu Zandam, can ƙasar Gwaram.

Saifullahi ke nan, mai shafin Akushin Kudu a intanet. Shekara biyu ina karanta shi. Yana bin kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram, ya ci dambun wannan, ya sha furar waccan, ya dawo ya rubuta har ka ji yawunka ya tsinke. Ni kuma malamar firamare ce mai ƙarambani, duk abin da ya rubuta sai na tanka a ƙasa da sunan 'Yar Ruga. Ranar da ya yabi wani nono da na san an tsula masa ruwa, na wanke shi tas a gaban masu karatunsa.

Daga nan ya nemi lambata.

Daga gardamar nono muka koma gaisuwar safe, daga gaisuwar safe muka koma abin da ba shi da suna. Sau ɗaya ya taɓa rubuto mini, "Rabin raina, ina ma a ce ke ce za ki riƙa dama mini fura." Na yi kwana biyu ina juya saƙon a zuciyata, sannan na amsa masa da, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

A ganina na faɗi komai.

To, ranar Asabar ɗin nan ya tara mu, mu goma sha biyu daga cikin masu karanta shafin, a gidan abincin Hajiya 'Yar Jawa. Mutuniyar Indunusiya ce, wani Alhajin Birnin Kudu ya auro ta a Makka shekara ashirin da suka wuce, da ya rasu ta ƙi komawa, ta buɗe wurin sayar da abincin garinsu. Ƙarfe uku aka sa, don mu 'yan Gwaram mu kama hanya da sauran haske.

Ni da ƙawata Nasiha muka riga shi zuwa. Ana ta raha, ana gane juna, ashe wanda ke rubuta sharhi da sunan Sarkin Ci wani siririn tela ne daga Sundimina. Ina dariya ina cin nama hankalina kwance.

Sai aka turo ƙofa.

Farar shadda, hula zanna, da murmushin da na saba gani a hoto kawai.

Ban san sanda na ajiye tsinken ba. Na ja mayafina na rufe bakina.

A gidanmu haka muka tashi. Mace ba ta tauna a gaban wanda zuciyarta ke jin nauyinsa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini, a jinina na same shi. Na ɗauka duk duniya ta san wannan.

"Ikon Allah!" Wata murya ce daga gefensa. "Yaya Saif, ai kafin ka shigo ba ka ga yadda take ci ba. Naka ne dai ba ta so."

Zulaiha ce, 'yar ƙanwar mahaifiyarsa. Tun zuwanta take ɗaukar mu bidiyo da waya. Ita ce ta dage sai an kawo mata sandunan nan biyu na cin abinci, Hajiya 'Yar Jawa ta ce mata, "Mu a garinmu da hannu muke ci, 'yata." Ban ji tausayinta ba ko kaɗan.

"Haka ne, Munawwara?" Saifullahi ya tambaye ni.

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Tun jiya na roƙi Hajiya ta yi miki wannan daban," ya ce. "Na tuna kin ce ba kya son yaji da yawa."

Ya tuna! Maganar da na yi wata takwas da suka wuce!

Nasiha ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ki ci mana, don Allah..." ta raɗa mini.

Na ɗauki cokali. Na ɗago ido, na ga nasa idon a kaina... na mayar da cokalin.

Na ga sanda fuskarsa ta sauya. A barikin sojoji na Fatakwal ya girma, sai da mahaifinsa ya yi ritaya suka dawo gida. Ya san sunan kowace miya a Jigawa, amma bai san wannan ba.

Bai sake kallona ba. Da aka gama ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Jama'a, na tara ku ne don in yi muku sallama. Na samu gurbin ƙaro karatu a Malesiya, shekara biyu. Saura mako uku in tafi."

Aka hau tafi da kabbara. Ni kuwa ji na yi kamar an zare mini wani abu daga ƙirji.

"Kuma Umma ta ce ba zai tafi ba sai ya nuna wadda za a riƙe masa!" Zulaiha ta ƙara, tana gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Hajiya 'Yar Jawa ta zo kwashe kwanuka. Ta tsaya a kan nawa, ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauke.

Tun daga tasha har Gwaram kuka nake, Nasiha tana yi mini faɗa.

"Ke wace irin mutum ce? Saƙo ɗaya! Ki rubuta masa ki ce kunyarsa kika ji!"

"In ce masa kunyarsa nake ji? Ai gara in ce masa ina son sa kai tsaye!"

"To ki ce mana!"

"Ni? Allah ya kiyaye!"

Kwana tara babu gaisuwar safe.

Kullum sai na buɗe shafin, in karanta tsofaffin rubuce-rubucensa har na kusa haddace su. In rubuta "Ina kwana", in goge. A aji na rubuta sunansa a allo a maimakon kwanan wata, Allah ya taimake ni na share kafin a gama karantawa. Ina kewarsa, kewa mai ciwo, irin wadda ke sa ka ji haushin duk wanda ya kira wayarka don ba shi ba ne.

A rana ta goma Yaya Iliyasu ya shigo gida kamar zai tashi sama.

"Baffa, dubi abin da 'yarka take yi a Birnin Kudu! Zaune cikin maza tana wage baki!"

Wata baƙuwar lamba ce ta turo masa bidiyon. Ban buƙaci a faɗa mini mai lambar ba.

Baffa ya karɓi wayar ya kalla, fuskarsa a ɗaure. Ni ina durƙushe a gefe.

"Miƙo nan in gani," in ji Inna Kulu, kakata, daga kan tabarmarta.

Ta kai wayar dab da idonta. Ta sa aka maimaita mata har sau uku. Sai kawai ta fashe da dariya.

"Maikano, kai da ɗanka duk makafi ne. Ku dubi nan. Tana ci, tana ci... an buɗe ƙofa... ta ajiye! Wane ne wannan mai farar rigar?"



Na cusa kaina tsakanin gwiwoyina, ina fatan ƙasa ta tsage.

Da ƙyar na faɗi sunansa da inda muka san juna.

"Wanda aka tsinta a waya?" Baffa ya ce. "Ban san ubansa ba, ban san gidansu ba. In ɗan mutunci ne, gidan nan yana da ƙofa."

Ya saɓa sandarsa ya fita.

Ta yaya zai zo, alhali yana can yana zaton na tsane shi?

Ranar Laraba Inna Kulu ta tashi da cewa idonta yana ƙaiƙayi, lallai sai na raka ta asibiti a Birnin Kudu. Muna sauka a mota ta ce da mai adaidaita, "Gidan abincin 'Yar Jawa za ka kai mu."

"Inna, asibitin fa?"

"Idon ya warke."

Hajiya tana ganina ta tsuke fuska.

"Ke ce kika mayar mini da abinci. Tun da na buɗe wurin nan ba a taɓa yi mini haka ba. A garinmu wannan zagi ne!"

"Zuba mata irinsa yanzu," Inna ta ce.

Aka zubo. Kwana goma sha ɗaya ban ci abin kirki ba, kuma babu kowa sai mu uku. Na share farantin tas. Hajiya ta riƙe haɓa, ta ƙaro wani.

"To me ya hana ki ranar?"

"Yaron ne," in ji Inna. "Ni da kakanta shekara arba'in da ɗaya muka yi, har ya koma ga Allah bai taɓa ganin ina tauna ba. Ba don ba na son sa ba. Da ba na son sa, ai da a gabansa zan suɗe ƙwarya."

Hajiya ta zauna a hankali.

"Allahu Akbar... Shi kuwa kullum sai ya zo nan ya zauna a kujerar can, ya sha shayi, ya tafi. Ya rame."

Ta shige ciki da wayarta. Ban kawo komai a raina ba, na ci gaba da cin abincina.

Ina tsakiyar faranti na biyu aka turo ƙofa.

Cokalin ya suɓuce daga hannuna ya faɗi ƙasa. Lomar da ke bakina ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na juya wa ƙofar baya, na rufe fuskata da mayafi.

"Ka gani da idonka?" Inna ta ce masa. "Kai ne mai rubutu a kan abinci, amma ba ka iya karanta faranti ba."

Na ji takunsa har ya tsaya a bayana.

"Munawwara... da gaske ne?"

Na ƙara ƙanƙame mayafina.

"Kwana goma sha ɗaya ina cewa kin raina ni. Saura kaɗan in ce wa Umma ta zaɓa mini duk wadda ta ga dama. Hasken idona, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Hawaye kawai nake yi a cikin mayafi.

"Ba ni za ka tambaya ba, ba ita za ka tambaya ba," Inna ta ce tana miƙewa. "Zandam ba ta da nisa. Ka tambayi gidan Maikano."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo, shi da mahaifinsa da kawunsa. Na ji labari Ummarsa ta so Zulaiha, amma da Inna ta ba shi lambar da ta tura bidiyon ya nuna mata, ta ga ta Zulaiha ce, ba ta ƙara cewa komai ba.

Sun daɗe a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida. Yaya Iliyasu sai shiga yake yana fita yana huci. Da manyan suka tafi gaida mai unguwa, Baffa ya aiko a kira ni.

Na durƙusa nesa da su. Saifullahi yana zaune a ƙasa, ya cire takalmi, kansa a sunkuye.

"Na ji asalinsa, ban sami abin ƙi ba," Baffa ya ce, yana kallon wani wajen. "Amma ba na ɗaura wa 'yata aure da mai tafiya. Shekara biyu ba kwana biyu ba ce. In ya je ya dawo, a ɗaura. In ba za ki iya jira ba, yanzu zan sallame su."

Na yi shiru. A wurinmu shirun budurwa amsa ce, kuma Baffa ya ji ta.

Amma na ga kafaɗun Saifullahi sun saki. Ya ɗago a tsorace yana duban Baffa, yana dubana.

Baffa ya girgiza kai, ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Zan je in duba shanu," ya ce. "Yaron nan ba ya jin shiru. Ki buɗe baki ki faɗa masa da Hausa."

Ya tafi bai waiwayo ba.

Zuciyata tana dukan ƙirjina kamar ana daka. Saura kwana takwas jirginsa ya tashi. Na tattaro duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na ɗago na dube shi ido cikin ido, karo na farko a rayuwata.

"Zan jira ka."

"Shekara biyu, Munawwara..."

"Ko huɗu ce."

Ya rufe fuskarsa da tafukansa.

"Sake faɗa, don Allah."

"Ina son ka, Saifullahi. Ka je ka dawo, kana da mata a Zandam."