Kunyar Ɗan Fari a Bakin Ruwa

Janaretan maƙwabta na tashi, Ja'afaru ya watsar da murafan kwalaben lemon da yake jerawa a tsakar gida, ya toshe kunnuwansa, ya kutsa ƙarƙashin gado yana kuka kamar numfashinsa zai ɗauke. Shekararsa huɗu, amma har yanzu bai iya haɗa magana ba, kuma ba abin da yake tsoro kamar ƙara.

Uwarsa Shamsiyya ta yar da muciya ta bi shi da gudu. Ta jawo shi, ta naɗe shi tam da zane, ta kai bakinta kunnensa.

"Ja'afaru, Ja'afaruna, ga Umma. Inji ne kawai, ba zai taɓa ka ba."

"La'ilaha illallahu!" Inna Gumsu ce, uwar mijinta, da ta zo Haɗeja daga ƙauyensu na wajen Guri a duba mata ido. "Ke yarinyar nan, sunansa na ji kin kira? Ɗan fari? A gabana kike rungumarsa?"

"Inna, ki yi haƙuri. In ba a matse shi haka ba, ba ya dawowa daidai."

"Ke kika lalata shi! Mu a wajenmu mace ko kallon ɗan farinta ba ta yi. Wanda kike aure ɗin, kin taɓa jin sunansa a bakina?"

Ana cikin haka mijin Shamsiyya, Nu'uman, ya yi sallama, ya dawo daga kasuwar kifi inda yake da rumfa. Inna ba ta bari ya zauna ba.

"Gobe zan koma, kuma da jikana zan tafi. Ni zan riƙe shi. Ya shiga cikin yara, ya sha ruwan fadama, za ka ga baki ya buɗe."

Nu'uman ya durƙusa. "Inna, likita ya ce ba sangarta ba ce. Haka Allah ya halicce shi, ƙara tana masa zafi kamar ana soka masa allura a kunne. Ga kuma ruwa ya cinye hanya, sai an shiga kwale-kwale mai inji..."

"Likitan ne ya haife ka? In ka hana ni shi, kada ka ƙara taka ƙofar gidana. Ke kuma, muddin ina wuri, kada na ƙara ganin hannunki a jikinsa. Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Inna," Shamsiyya ta faɗa, hawaye na zuba.

Da suka shiga ɗaki ta riƙe gefen rigarsa.

"Yaya, kai ka san shi fa! Ko miya ta taɓa tuwonsa ba ya ci. Wa zai gane yana jin ƙishirwa? Wa zai gane cikinsa ke ciwo?"

"Sori, Shamsi. Wallahi ni ma zuciyata kamar ta fashe. Amma uwata ce, ya kike so na yi? Bari ya ɗan kwana biyu, zan lallaɓa ta na ɗauko shi."

Ta sake shi, ta juya ta fara ninke kayan yaron. Tun da suka yi aure bai taɓa ganin ta juya masa baya ba sai ranar.

Washegari mota ta sauke su inda kwalta ta nutse. Ruwa ya shafe gonakin shinkafa, sai kan bishiyoyi kake gani. Mala mai kwale-kwale ya riga ya loda buhuna da mata masu komawa ƙauye. Inna ta shiga ta zaunar da Ja'afaru a cinyarta. Shamsiyya ta tsaya can baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar yadda ake so uwar ɗan fari ta yi.

Nu'uman ya ce, "Mala, don Allah ka fara turawa da gora, sai kun yi nisa ka tayar da injin."

"Haba Alhaji, da wannan ruwan? Ai sai ya tafi da mu!"

Ya fizgi igiya. Injin ya yi wata irin ƙara.

Ja'afaru ya ƙwala ihu, ya banƙare, ya kufce daga hannun Inna. Mata suka ɗauki salati, kwale-kwalen ya karkata, kafin a ce me, yaro ya faɗa ruwa!

"Innalillahi! Jama'a, yaro!"

Nu'uman ya faɗa ruwan da kayansa. Ruwan na jan su, ya samu ya cafko wuyan rigar yaron, maza suka miƙa masa gora aka jawo su gaɓa. Ja'afaru ya amayar da ruwa, amma ihun bai tsaya ba. Jikinsa ya sandare, yana buga kansa a ƙasa, leɓɓansa sun fara canza kala. Mutane suka yi masa rumfa, kowa da tasa.

"Mutanen ruwa ne suka taɓa shi!"

"A kawo hayaƙi!"

"Ku danne shi mana!"

Inna ta fito daga kwale-kwalen, ta kai hannu, ya gantsara mata cizo. Ta yi tofi, ta yi lallashi, abin sai ƙaruwa yake.

Nu'uman ya ɗaga kai. Can ya hango Shamsiyya ta zube a kan gwiwoyinta, ta cusa mayafi a baki tana cizo, amma ba ta matso ba. Maganar Inna ce ta ɗaure ta.

Ya juya ya durƙusa a cikin laka gaban uwarsa, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Inna, ban taɓa saɓa miki ba. Ki yi min duk hukuncin da kika ga dama, zan ɗauka. Amma yaron nan uwarsa yake nema. In kunya ta kashe shi, me za mu ce wa Allah?"

Inna ta kalli jikanta, ta kalli shatin haƙoransa a hannunta, sai ga hawaye.

"Ke Shamsiyya! Tsayuwar me kike yi? Zo ki ɗauki ɗanki!"

Shamsiyya ta taso a guje. "Ku matsa! Don Allah kowa ya yi shiru! Mala, kashe injin nan!" Ta cire mayafinta a gaban maza da mata, ta naɗe yaron tam, ta zauna da shi a ƙasa tana jijjiga shi a hankali tana kiran sunansa. Wurin ya yi tsit. Sannu sannu jikinsa ya saki, ya kwantar da kai a ƙirjinta yana ajiyar zuciya.

Mala ya ce, "Inna, za ki shiga ko mu tafi?"

"Sauke min kayana. Ba inda za ni."

Ta lallaɓa ta zauna kusa da matar ɗanta, ta rage murya kamar mai tsoron tada mai barci.

"'Yar nan, yafe min. Nuna min yadda kike naɗe shin nan. Ta ƙarƙashin hammata ake farawa?"

Inna ta zauna da su har ruwa ya janye, kuma ba ta ƙara maganar riƙo ba. Ja'afaru bai daina tsoron ƙara ba, amma yanzu in abin ya taso, mutum uku ne ke rige-rigen zuwa wurinsa.

'Yan uwa mata, kunya abu ne mai kyau, mu ma da ita aka raine mu. Amma in Allah ya ba ki yaro irin Ja'afaru, amana ce ya ɗora miki, kuma shi zai tambaye ki, ba mutanen gari ba. Ki yi haƙuri da manya, ki girmama su, amma ki riƙe ɗanki. Allah ya shirya mana zuri'a.