Kantar Yatsun Hambali

"Ka ce ka daina, Hambali! Da bakinka ka faɗa wa Baba!"

A zauren gidansu na Kabo Murja ta faɗi haka, amma ita kanta ta ji muryarta ba rai.

"Na daina a inda za a ji, masoyiyata... Jitar bes in ba a jona ta da lasifika ba, ko na bakin ƙofa ba ya jin ta."

Tun da aka fara Shari'a aka daina kiran makaɗa biki, ƙungiyar su Hambali ta Gwarzo ta watse. Mai ganga ya koma faci, mai fiyano yana sayar da fetur a kwalba. Waɗanda suka yi wa Hambali liƙi jiya su ne yau ke kau da kai, kuma ba wanda ya miƙa masa wata sana'ar! Malam Ɗalha, mahaifin Murja, ya ce zai ba shi ita in ya ajiye jita ya kama fartanya. Hambali ya yi alkawari.

Ɗazu da ya zo gaisuwa suka yi musabaha, sai Malam ya ƙi sakin hannun. Ya shafa tafin, sumul. Ya shafa kan yatsun, kanta kamar ƙaho.

"Kantar manomi a tafi take," in ji Malam. "Kiɗan sai mu zauna mu tattauna. Ƙaryar fa?" Ya shige gida.

"Da ka bari sun yi laushi..." Murja ta ce.

"Na gwada, wallahi! Na rataye ta, sai na tsinci yatsuna suna kaɗa ƙotar fartanya. Akwai masu ɗaukar waƙa a Kaduna da ke neman mai bes. Ki jira ni, Murja..."

"In jira ka da izinin wa?"

Ya dubi yatsunsa.

"Nuna min su."

Ya miƙo hannun. Ta daɗe tana kallon yatsun da ba ta taɓa riƙewa ba, masu kiɗan da ba ta taɓa ji ba. Ta nemi haushi a zuciyarta, ta rasa.

"Allah ya ba da sa'a," ta ce.

A tsakar gida ta ɗauki faifai ta ci gaba da tsintar shinkafa.

"Ya tafi?" Inna ta tambaya.

"Ya tafi."

"To matsar da faifan, 'yar nan. Kina jiƙa mana shinkafa."