Angwaye Biyu, Amarya Ɗaya

Wata Lahadi ce da safe, farkon makon aiki a Riyad, wani dogon saurayi ya yi sallama a ofishin shirya tafiye-tafiye da ke unguwar Ulaya, ya zauna gaban teburin Khalida. Hannayensa na masu aikin ƙarfi ne, amma takardar da ya miƙo ko lanƙwasa babu a jikinta.

"Sunana Tamimu, aikin lantarki nake a kamfanin gine-gine. Biki za ki shirya mana a Zanzibar, nan da wata huɗu."

Khalida ta karanta, ta sake karantawa. A Riyad aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa sai ta lallaɓa take fitowa.

"Malam, akwai galat... ina nufin kuskure. Angwaye biyu ka rubuta, amarya ɗaya."

"Ba kuskure ba ne. Ango na farko aminina ne, Uwais, amaryarsa Mansura. Na biyun ni ne."

"To ina taka amaryar?"

"Tana nan tafe in sha Allahu. Ba mu dai haɗu ba tukuna."

Dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da gefen mayafi. Shi ko a jikinsa. Ya ce tun suna yara a Funtua suka yi alkawarin rana ɗaya za a ɗaura musu aure, kuma bai ga dalilin da rashin amarya zai sa ya saɓa ba. Tsibirin na Zanzibar ma sun zaɓe shi ne don dangi na Najeriya da na Saudiyya su haɗu a tsakiya, kowa ya huta da jiran bizar ziyara.

Ta ɗauki aikin. Khalida ba ta wasa da sana'arta. Cikin mako uku ta samo masauki a bakin teku, da masallacin da za a ɗaura aure, da mai girkin da ya yarda a koya masa miyar kuka ta waya. Ta bi angwayen ɗaya bayan ɗaya tana tuna musu su duba iƙamarsu, wato takardar izinin zama, su karɓi izinin fita da dawowa kafin lokaci ya ƙure.

Uwais ɗalibi ne, karatu ya riƙe shi, saboda haka Tamimu ne mai zirga-zirga. Sai dai zirga-zirgar ta fara yawa. Yau ya zo tambayar launin rumfa, gobe ya zo tambayar ko akwai sauro a can. Wata rana da yamma saƙonsa ya shigo:

"Balarabiyata, na manta ban tambaye ki ba, kwakwar can ta kai murmushinki sanyi? Idan ba ta kai ba a cire ta daga cikin abin sha."

Ta karanta, ta amsa:

"Angon jira, wannan ba ya cikin aikina. Amma ka ci abinci kuwa?"

Daga wannan tambayar zance ya sauya. Ranar da ya furta yana son ta, ba ta yi saurin murna ba, ta tsare shi da ido.

"Tsakaninka da Allah, ni kake so, ko gurbi kake son cikewa kafin ranar ta zo?"

"Idan kin ce sai baɗi, yau zan je in roƙi Uwais ya yafe mini alkawarin. In tsaya a bayansa in riƙe masa babbar riga, in dawo in jira ki."

Ta san abin da alkawarin nan yake nufi a wurinsa. Nan take zuciyarta ta sauka.

"To ka je wurin Abbana. Yana shagonsa a kasuwar Dira."

"Ni kaɗai? Khalida, manyana duk suna Funtua."

"Yalla, mene ne a ciki? Ƙawayena duk haka aka yi musu, saurayi ya je ya gaida uba ya faɗi abin da ya kawo shi."

Bai so ba, amma so ya rufe masa baki. Ya sa farar jallabiya ya nufi shagon turaren Alhaji Maulud, mutumin Gusau da ya shekara talatin yana kasuwanci a Dira. Alhaji ya zuba masa gahawa, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya yi tambaya ɗaya.

"Wa ya aiko ka?"

"Babu kowa, Baba. Ni na kawo kaina."

"To. Allah ya kiyaye hanya."

Da Khalida ta koma gidansu a unguwar Al-Naseem, ta tarar mahaifinta ya ɗaure fuska, ko gaisuwarta da ƙyar ya amsa. Mahaifiyarta Hajiya Dije ce ta ja ta kicin.

"Ke kika tura yaron nan?"

"Ni ce, Umma."

"Kai, rashin sani ya fi dare duhu! A garinmu saurayi ba ya neman aure da bakinsa, manyansa yake turowa. Uba kuma ba ya bada 'yarsa da kansa, ɗan'uwansa ke bayarwa. Naki auren yana hannun Baffa Jibirilla a Gusau. Ga Ikrima ɗan maƙwabcin shagon Abbanki, ko magana bai taɓa yi miki ba, amma tun makon jiya manyansa suka isa Gusau da goronsu. Shi Abbanki gani yake an raina masa 'ya."

Sai a lokacin Khalida ta gane kuskurenta. Ita da ke tsara wa mutane biki har da inda kowa zai zauna, ashe hanyar nata auren ce ba ta sani ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, mafi ciwo kuma shi ne da hannunta ta zubar wa Tamimu da mutunci a idon mahaifinta.

Washegari bayan sallar Asuba ta tarar da mahaifinta a falo yana lazimi. Kullum da Larabci suke magana. Ranar ta durƙusa har ƙasa, ta tattaro Hausarta kaf.

"Abba, laifina ne. Ya ce ba zai zo shi kaɗai ba, ni na matsa masa. Yana da tarbiyya, yana da manya. Ka yafe mini, kada ka hukunta shi da jahilcina."

Alhaji Maulud ya daɗe yana jan carbi.

"Ni ba ni da ta cewa a kan aurenki," ya ce daga ƙarshe. "Mai so ya san hanyar Gusau."

Ba a ce e ba, ba a kuma ce a'a ba. Ta rubuta wa Tamimu:

"Habibi, na ɓata lamarin, amma ƙofa ba ta rufu ba. Ka tura manyanka wurin Baffa Jibirilla. Ka yi haƙuri da ni."

Amsarsa ba ta ɗauki minti ɗaya ba:

"Tun jiya na kira kawuna. Jibi za su kama hanya, su biyar, har da limamin unguwarmu. Ki daina kuka, na san kina yi."

Kwana tara Baffa Jibirilla ya yi yana bincike a kan gidan su Tamimu, har kakanni. A cikin kwanakin nan Khalida ta rame, tana amsa wayar masu furanni da masu jirgin ruwa zuciyarta tana Gusau. A rana ta goma ya kira, Umma ta miƙa mata wayar.

"Halidatu, gida biyu suka zo nemanki, duka mutanen kirki ne. Wanne kike so?"

Abin mamaki, yarinyar da ke ja-in-ja da manajojin otal da harshe uku, sai ga shi baki ya ƙi buɗuwa. Kunya ta lulluɓe ta.

"Na Dira?" in ji Baffa.

Shiru.

"Na Funtua?"

"Duk yadda ka gani, Baffa," ta ce da ƙaramar murya.

Tsohon ya fashe da dariya. "Wa ya ce Larabawa sun ƙwace mana ke? Na ji, 'yata."

Ranar Juma'a ce a Zanzibar, iska na kaɗa bishiyoyin kwakwa, teku shuɗi har iyakar gani. Khalida da Mansura na zaune a barandar masauki, hannuwa sun sha lalle, mata na kewaye da su. Daga ƙaramin masallacin unguwar aka ga maza sun fito, angwaye biyu a gaba cikin fararen manyan riguna iri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, masunta na tsayawa suna kallonsu. Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa. An ɗaura, Baffa Jibirilla ya bayar.

Alhaji Maulud, wanda a masallaci ya zauna can baya kamar baƙo, shi ne ya riƙo hannun Tamimu har gaban baranda.

"Ranar da ka zo shagona," ya ce, "kafin ka gama gahawarka na san na samu suruki. Amma da na amsa maka a ranar, har abada za a ce 'yata a bakin shago aka bada ta. Na so dattawa su yi tafiya su gaji saboda ita, don ka san abin da ka ɗauka."

"Na sani, Baba," in ji Tamimu, kansa a ƙasa.

Alhaji ya juyo ga 'yarsa.

"Ke kuma, duk taron nan da kika haɗa, babu abin da ya kai durƙuson da kika yi mini daraja. Na yi alfahari da ke. Allah ya yi muku albarka, ku huɗun nan, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Aka amsa da amin daga kowane ɓangare. Khalida ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye na zuba, amma kanta a ɗage yake.