Baƙin da Tai Ya Ba Masauki

Duk wanda ya zauna a Hsinchu ya san abin da ya raba 'ya'yan gidan Fan. Ubansu ya bar musu masana'antar ƙwaƙwalwar na'ura, irin wadda ake sa wa waya da mota. Da ƙasashen da ke sayar wa tsibirin da garin yake makamai suka matsa sai an kafa masana'antu a ƙasashensu, babban, Lung, ya kwashe injuna da jari ya tsallake teku.

Ƙanensa Tai ya tare shi. "Yaya, ina rabona?"

"Ga gini nan na bar maka. Ka zuba kaji."

Maganar nan ce ta kai Tai wurin tsohuwa Lai, mai tsaron ɗakin ƙasusuwan da teku ke amayarwa, na sojoji da masunta marasa dangi. Rana na tsaka, amma ciki duhu. Tuluna ne jere har rufi, kowanne an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, tokar turare ta rufe daɓe. Tsohuwar ta tofar da jan yawun bitil, goron da ake taunawa a can.

"Ɗan Fan, arziki kake so ko kan yayanka?"

"Duka biyu, Kaka."

"Mutanena yaƙi ya ci su, ƙanshinsa suke bi. Duk ranar da aka yi cinikin makami, kai za ka ci. Sai dai ba su da gida."

"Faɗi abin da zan biya."

"Wa ya ce ka biya? Masauki na ce."

"Gidana babba ne."

"To, da bakinka ka faɗa."

Ta yanka baƙin zakara, ta ɗiga jinin a kan ƙwaƙwalwar na'urar da ya zo da ita, ta cinna wa takardun da ake ƙona wa matattu wuta. Hayaƙin bai yi sama ba. Rarrafe ya yi a ƙasa, ya bi tulunan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya naɗe ƙafar Tai.

Ba a daɗe ba jiragen yaƙi suka cika mashigin teku. Masu ƙera makamai masu linzami suka buƙaci kaya da gaggawa, masu jari suka yi layi a ƙofar Tai. Can ƙasar da Lung ya tafi kuwa gwamnati ta sauya, tallafin da aka yi wa Lung alkawari ya tsaya, gininsa ya tsaya a rabi. Ya bugo wa Tai waya yana neman taimako.

"Tai, nono ɗaya muka sha."

"Ka zuba kaji, Yaya."

Lung ya faɗa teku daga kan gada, ba a ga gawarsa ba. Tai bai huce ba. Ya hana a yi masa jana'iza, ya hana a rubuta sunansa a allon kakanni, inda ake jera sunayen mamatan gida, ko sandar turare ɗaya bai bari an kunna ba.

Daga nan gidan ya fara warin ruwan teku. Sawun jiƙaƙƙun ƙafafu a kan bene, kullum. Ɗan Tai da ke aikin soja ya nutse wurin atisaye, a ruwan da bai wuce ƙugu ba. 'Yarsa, injiniyar da yake ji da ita, aka tsinci gawarta a tankin ruwan masana'anta. Matarsa Mei-chu ba ta yi kuka ba. Kwanuka ta jera a teburi tana murmushi, tana yi wa kujera magana: "Yaya Lung, ƙara shinkafa mana."

Tai ya koma wurin tsohuwar a guje. "Kaka, ki kwashe mutanenki!"

"Mutanena? Sun ci abincinka sun ƙoshi, ba ruwansu da 'ya'yanka. Wannan sabo ne. Teku ta ci shi, ƙanensa ya hana shi turare da suna, ina za shi in ba cikin marasa gida ba? Su kuma masaukinsu wurinka."

"Na tuba! Zan rubuta sunansa yau. Me yake so?"

Ta kara kunnenta a jikin wani tulu da ba a ɗaure bakinsa ba tukuna.

"Ya ce kai ne na ƙarshe, kuma ba ya sauri."

Gishiri ya fara fitowa a ɗakunan masana'antar da ko ƙura ba ta shiga. Kaya suka lalace, masu makamai suka soke ciniki, masu jari suka kwashe nasu zuwa wata ƙasa. Yau Tai na zaune a ƙofar kangon masana'antar, tufafinsa a jiƙe ko da rana na dukan kai, yana roƙon gafarar wani da ke tsaye a bayansa.

Kai mai jin haɗama da ƙullin zuciya, ka ji da kyau. Wanda ya jingina arzikinsa da yaƙi, gidansa yaƙin ke fara ci. Wanda kuma ya bi ɗan'uwansa da fansa har bayan mutuwa, to ya gyara masa wurin zama.