Gaisuwa a Tsakiyar Rafi

Yaya Lantana, 'yar kawunmu, ta rage fitila. "Ku matso. Wanda ya yi dariya, na fasa."

Muka matso, ta fara.

Da damina ne. Gwaggo Azumi ta taso daga gidan suna ita kaɗai, da jaririnta a goye. Rana tsaka. Rafi ya kawo, amma iyakarsa gwiwa. Kun dai san ƙa'ida: ba a tsayawa a cikin ruwa mai gudu. In ka tsaya, zai yi ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin diddigenka, kana nutsewa ba ka sani ba.

Tana tsakiya ta ji an ce, "Sannu, 'yar nan."

Tsohuwa ce tsaye a ruwan, da farin lulluɓi. Wa ke wuce babba yana gaishe shi? Gwaggo ta tsaya, ta rusuna.

"Ina wuni, Iya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya maigidan? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Yashi na zamewa. Tana jin tsakuwa na gangarowa, suna bugun idon sawunta, ƙas, ƙas. Ruwa ya kai cinya.

"Ya mai jego? Ya tsofaffi?"

Gaisuwa ta ƙi ƙarewa. Ruwa ya kai ƙugu. Ya taɓa ƙafar jariri, yaron ya tsandara kuka.

Nan Gwaggo ta dubi ƙasa. Ruwan na rabewa a jikinta, yana kumfa. A wajen tsohuwar kuwa, shiru. Tsakuwa na bi ta cikin ƙafafunta suna wucewa. Ko bakin zanenta bai jiƙe ba.

"Ya sunan yaron?" in ji tsohuwar, tana miƙo hannu. "Kawo in riƙe miki."

Gwaggo ta kwanto goyon, ta ɗora shi a ka, ta yi bisimilla. Ta fizgi ƙafa ɗaya, da ƙyar. Ta fizgi ɗayar. Ba ta waiwaya ba har ta dafa ciyawar gaɓa.

Daga baya muryar ta biyo ta, a hankali: "Ba mu gama gaisawa ba."

Yaya Lantana ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kada wanda ya ƙetare rafin nan shi kaɗai. In kuwa an gaishe ka a cikin ruwa, gara a ce ba ka da tarbiyya."