Ruwan Da Bai Sauka Ba

Ranar Talata da tsakar rana aka kira ofishin 'yan sanda na garin Gunsan, aka ce mai gyaran famfo ya mutu a wani sabon bene mai hawa huɗu. Sufeto Maeng ya ajiye shayinsa, ya tafi.

Ya tarar da gawar mai gyaran famfon, Tak Bong-su, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kai a fashe, kusa da bakin babban bututun da ke fitar da ƙazantar gidan. Ga ƙwallon roba a yage a gefensa, ga kwalbar giyar shinkafa.

Ɗan kwangilar ginin, Ok Du-man, yana tsaye yana share gumi.

"Gwajin bututu yake yi, Yallaɓai. Ya sha ya yi tatul, ya cika wa ƙwallon iska, ta fashe ta make shi. Sau nawa ina masa faɗa!"

"Kana ina lokacin?"

"A waje, cikin mota. Yau ko hawa ɗaya ban taka ba."

"Ƙarya kake, Du-man!"

Wata mace ce gajera ta ture ɗan sandan da ke ƙofa ta shigo. Geum-rye ce, matar mamacin. Shekara talatin tana bin mijinta wurin aiki, ita ke riƙe masa tiyo. Yau ciwon gwiwa ya hana ta binsa.

"Inna, ki fita, nan wurin bincike ne," in ji Sufeto.

"Ka ɗauke ni ka fitar. Mutumin da likita ya raba da giya tun shekara tara? Ba za a yi jana'izar ƙona gawarsa da sunan mashayi ba, ko da za ta yi wata a nan."

Sufeto ya dube ta. "To yaya ake gwajin?"

"A toshe bututu ta nan ƙasa da ƙwallo, a hura mata iska. A hau rufi a cika shi da ruwa, a ja layi da alli. In ruwa ya tsaya a layi, bututu lafiya. In ya sauka, akwai tsagewa. Yanzu kalli ƙafarka."

Ya duba. Siminti a bushe, sai ɗan danshi.

"Ruwan hawa huɗu ya kwaranyo, takalminka bai jiƙe ba? Kai ne mai karatu, faɗa min."

Suka hau rufi, tana jan ƙafa, ta ƙi hannun da ya miƙa mata. Sufeto ya leƙa bakin bututun. Ruwa cike fal, daidai kan layin alli, shuɗi kamar tawada.

"Maigidana ne ke zuba shuni, don a ga inda yake yoyo," ta ce.

"Ƙasa a buɗe, sama a cike. Me ya riƙe shi?"

"Yanzu ka fara aikinka."

Suka bi gidajen da ke cikin benen ɗaya bayan ɗaya. An gama shimfiɗa sabon daɓe mai sheƙi, masu gida za su tare ranar Alhamis, ranar sa'a da suka zaɓa. A bakin kowace ƙofa Sufeto ya cire takalmi, ita ma ta cire. A banɗakin hawa na biyu suka ga ruwan shuɗi ya malala a ƙasa, ƙarƙashin murfin da ake buɗewa don share bututu. Geum-rye ta kwance murfin. Wata ƙwallo ce a cuse ta sama, sabuwa ƙal.

"Wannan ba tamu ba ce. Namu duk tsofaffi ne, ni ke musu faci."

Sufeto ya aika a kira Ok Du-man. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Shigo mana, Du-man."

"Daga nan ma ina ji, Yallaɓai."

"Abu zan nuna maka. Shigo."

Du-man ya ɗaga ƙafa zai taka da takalminsa.

"A'a!" in ji Geum-rye. "Da takalmi, a ɗakin mutane? Haka uwarka ta koya maka?"

'Yan sanda biyu da ke bayansa suka zuba masa ido. Ya sunkuya a hankali, ya kwance igiya. Farar safa ce a ƙafarsa, tafinta duk ya rine shuɗi.

"Ka ce ko hawa ɗaya ba ka taka ba," in ji Sufeto. "A ɗakin ƙasa mutum yana da takalmi. Nan kaɗai ake taka shuɗi da safa."

Du-man ya zauna daɓas a dokin ƙofa.

"Da safe ya yi gwajin, ruwa ya sauka. Ya ce tsagewar tana ƙarƙashin hawa na ɗaya, sai an fasa daɓe. Jami'in duba gini zai zo da azahar, mutane za su tare jibi! Da ya zubar da ruwan ya tafi cin abinci, na cusa ƙwallo a nan, na sake cika sama. Ya dawo ya ƙwanƙwasa bututu a ƙasa, ya ji fanko ne. Ya ce zai faɗa wa jami'i. Na roƙe shi, wallahi har na durƙusa. Ya juya zai fita, sifanar kwance noti kuma tana hannuna, sai na maka masa ita a ka."

"Giyar fa?"

"Tawa ce. Ƙwallon ma ni na yaga."

Aka sa masa ankwa, aka sauka da shi a safa, ɗan sanda ɗaya yana riƙe da takalminsa.

Sufeto ya rufe littafinsa. "Inna, ki je gida ki huta."

"Buɗe shi. Rubuta cewa Tak Bong-su bai sha ba, bai yi kuskure ba, kuma ya ce bututun gidan nan a tsage yake."

"Ai rahoto zai nuna duk wannan."

"Ni ban san rahoto ba. Rubuta ina kallo."

Ya rubuta.

"Karanta min, da ƙarfi. Idona ba ya ganin ƙananan baƙi."

Ya karanta, ma'aikatan da suka taru a matakala suna ji. Ta ce ya maimaita sunan. Ya maimaita.

Sai a lokacin ta sa takalminta, ta sauka wurin mijinta.